Na Kai Farar Akuya Sakaba

Mun tashi da asuba daga Zuru, ni da ƙanwata da 'yar akuya fara a igiya, kwana biyu bayan saukar ruwa na biyu. Ku matan unguwa da kuka leƙo ta kan danga kuna tambayar juna ina tsohuwa za ta da akuya alhali ba ranar kasuwa ba ce, ga amsarku. Sau ɗaya zan faɗa. Ba na maimaita magana.

Kun san awakina. Shekara talatin da 'yan kai ina kiwon jajaye, ja wur, irin waɗanda ake neman fatarsu har ƙasar Turawa. Malamin dabbobi na En'e, in ya fito zagayen dandaƙe bunsuran da ba ja ba, a ƙofata yake tsayawa ya ce wa mutane ga irin da ake so. Baƙon bunsuru bai taɓa shinshina garkena ba. Da daminar bara, awaki duk suna turke saboda shuka, ni da hannuna na kai wa jar akuyata jan bunsuruna. Da ta tashi haihuwa ta zuba biyu. Ɗaya ja kamar uwarsa. Ɗayar fara sol, hanci kamar ɗanyen nama, ido kamar ruwan kanwa. Na zauna a bakin turken nan har hantsi ya dubi ludayi ban sa komi a bakina ba.

Waɗanda suka daɗe a unguwar sun san dalili. Shekara huɗu da suka wuce ɗana yana soja, ya je yaƙin Turawa a ƙasar Bama ya dawo ya ci gaba da zaman bariki a Kaduna. Matarsa, ɗiyar aminin marigayi mijina daga Sakaba, tana hannuna. Naƙuda ta riga ranar da muka sa za a kai ta gida haihuwar fari, sai ta haihu a ɗakina. Ni na karɓi ɗiyar. Kowane jariri da haske yake zuwa duniya, shi ya sa mu kakanni bakin kunne muke dubawa da gindin farce, nan launin da yaro zai ɗauka yake fara leƙowa. Na duba kunne, babu. Na duba farce, babu. Gashin kai kamar gashin masara. Kwana uku ina dubawa, ran na huɗu na ce wa uwar, a gidanmu ba a taɓa haifar zabiya ba, ta faɗi inda ta samo ta: ko rafin da take wanka da tsakar rana, ko gidan Baturen da take kai wa itace. Ta rantse sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, wannan ya ƙara hasala ni. Kafin suna na sa aka ɗora ta a jaki aka mai da ta Sakaba da ɗanyen jego. Na hana ragon suna. Na sa mai rubuta wasiƙa ya rubuta wa ɗana, takardar saki ta biyo baya, don bai taɓa tsallake maganata ba. Ya bar soja ya dawo noma. Bai sake aure ba. Yana gaishe ni safe da yamma kamar yadda ake gai da maƙwabci.

To, ita akuyata wane rafi ta je? Wane Bature ta kai wa itace?

Na jira farar 'yar akuyar ta yi ƙwarin tafiya, na ce zan je in dawo da surukata da jikata. Ban iya ba da haƙuri da baki ba, ban saba ba. Na ce akuya ta yi mini magana a gaban uban surukata.

Babbar motar da ke zuwa Kontagora muka hau, za ta sauke mu Rijau. Direba ya ce akuya sai sisi. Na ce a cinyata za ta zauna, cinyar kuwa na riga na biya mata. Ya dube ni, ya dubi ƙanwata, ya ce mu hau. A bayan motar an jera katako uku, a kansu tsofaffin sojoji biyu da tsohuwar rigar kaki, da masu buhunan gishiri, da wata mai ciki da ta riƙe ƙarfen mota kamar za ta karya shi. Muna barin gari duwatsun Zuru suka fito daga hazon safiya, an jera musu gonaki hawa-hawa, manoma tun da duhu-duhu sun sunkuya. Ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi. Mata na tafe a gefen hanya da kaya a kafaɗa, ba su ko waiwayar mota.

Ɗaya daga cikin sojojin ya daɗe yana kallon cinyata, sannan ya ce, "Iya, wane boka ne ya ce sai fara?"

Na ce, "Wanda ya ce maka ka riƙa sa baki a sha'anin tsofaffi."

Motar ta yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba. Amma na lura, tun daga nan har Sakaba, duk wanda ya ga akuyar nan sai ya nemi dalili. Ba wanda ya taɓa tambayar jar akuya me ya sa take ja.

Sau biyu motar ta kafe a laka, maza suka sauka suka tura suna zagin direba da uwar motar. Sai bayan azahar muka shiga Rijau. Mun sauka gidan wata 'yar garinmu mai sayar da daddawa, ta yi mana tuwon dawa miyar kuka. Tuwon ya yi, miyar gishiri ya yi mata yawa, na gaya mata. Ƙanwata ta taka mini ƙafa.

Kashegari muka kama hanyar Dirin Daji da ƙafa. Nan ne na fara sanin abin da nake ja a igiya. A gida cikin rumfa take, ban taɓa ganin ta a fili ba. Da rana ta ɗaga sai ta runtse ido, ta riƙa karo da kututture, tana cusa kai cikin zanena tana neman inuwata. Kafin tsakar rana bakin kunnuwanta sun yi ja sun tashi. Ƙanwata ta cire ɗankwalinta na biyu ta rufa mata a baya, muka riƙa bin gindin kaɗanya da ɗorawa, muna tafiya muna tsayawa. Fulani da suka wuce mu da fararen shanunsu suka tsaya kallo. Na dubi shanun da kyau: gashinsu ne fari, amma hancinsu baƙi, bakin idonsu baƙi, rana ba ta dame su ba. Farin tawa daban ne, har cikin fata yake. Na yi ta lissafin damina huɗu da rani huɗu na ranar Sakaba a kan fatar jikata, wadda ni na fara wankewa. Ƙanwata ta gyara wa akuyar ɗankwali, muka ci gaba.

Mun tarar da kasuwa na ci a Dirin Daji. Dawa ta fara tsada kamar kowace shekara in an yi shuka, man kaɗe kuwa araha, na sayi curi biyu a kan kwabo huɗu. A ƙarshen kasuwa, wajen mahauta, wani tsohon majemi yana zaɓen fata, hannuwansa sun rine da bagaruwa har gwiwar hannu. Jajaye gefe guda, masu dabbare-dabbare gefe guda. Ya ga akuyata ya ajiye fatar da ke hannunsa.

"Gwaggo, uwarta ja ce, ko?"

"Ja ce."

"Uban ma ja. Kuma gida ɗaya suka fito."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Fata. Tun ina ɗauko wa ubana ruwan toka nake cikinta. Wannan ta uku ke nan da na gani." Ya tsuguna ya buɗe bakinta ya duba dasashi, ya duba ido. "Abin nan kwance yake a jini, Gwaggo, kamar irin da ke cikin ƙasa bai samu ruwa ba. Akuya na iya ɗauke da shi ta haifi jajaye goma ba ki sani ba. Bunsuru ma haka. In ɗaya ne kawai ke da shi, ba ya fitowa har abada. Sai ranar da na uwa ya gamu da na uba."

Na ce, "Ba daga uwa yake ba?"

"Uwa ita kaɗai ba ta iya wannan aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Ya ɗauko wata fatar da ya tuje wa gashi ya miƙo mini. "Faɗa mini, wannan ja ce ko baƙa?"

Na juya ta, na sake juyawa. Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni ma da na jeme ta na manta. Launin duka a sama yake, bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Ki tambayi mahautan can, ɗan tayin da suke tararwa a ciki ba shi da launi ko kaɗan, daga baya ake shafa masa. Taki dai mai shafawar ne bai zo ba." Ya taya ta sule biyu, na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce dama ya sani, mai sayarwa ba ta rufa wa akuya ɗankwali.

Mun fita kasuwa muka zauna gindin tsamiya muna shan fura. Na ce wa ƙanwata, mutumin nan ya san awaki, amma a mutane ban yarda ba, don mu a zuriyarmu babu.

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Yaya, kin tuna mai saƙar tabarma a gidan kakarmu? Wanda ke zama a bayan rumbu, ba ya zuwa gona?"

Na tuna shi. Ina 'yar shekara biyar ko shida. Fuskarsa duk ƙuraje, yana kai kaba har bakin hancinsa kafin ya saƙa. An ce mana baƙo ne daga nesa, kada mu ci abinci a ƙwaryarsa.

Ta ce, "Kawunmu ne. Cikinsu ɗaya da Innarmu. Ita ta gaya mini da nake jinyarta."

Na ce, "Kin san haka ranar da na ɗora yarinyar nan a jaki?"

"Na sani."

"Kika yi shiru?"

Ta ce, "Yaya, wa ke gaya miki magana?"

Ba ta faɗa da faɗa ba. Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa. Na bar mata sauran furar.

A rana ta uku, wajen hantsi, muka shiga Sakaba. Garin manoma ne, da shuka ba ka samun kowa sai tsofaffi da kaji. Uban surukata ya tsufa ƙwarai, ido ya fara yi masa hazo, amma ya gane muryata. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, ya tambayi gida da mutan gida ɗaya bayan ɗaya, har ɗana. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na jawo akuyar gabansa na ba shi labarinta tun daga turke. Ya saurara har ƙarshe, ya shafa bayanta.

Ya ce, "Kin yi tafiya, uwar soja. Sai dai kin makara da shekara biyu. Ta yi aure nan bayan gari, har da goyo."

Abin da ban taɓa sa wa a raina ba ke nan. A zatona tana nan zaune inda na ajiye ta.

Ya ce, "Ɗiya kuwa taku ce, an yaye ta tuntuni. In kin ce a ɗaura mata kaya, yau za a ɗaura. Suna gona."

Wata tsohuwa ta raka mu. Tun daga nesa na hango wata 'yar bukka ta kara a bakin gonar, an rufa mata ganye sabo. Surukata tana tsakiyar kunya tana shuka, jariri a bayanta. Ta ɗago ta gan ni. Ta ajiye ƙwaryar iri, ta zo ta durƙusa har ƙasa kamar jiya muka rabu.

"Sannu da hanya, Inna."

Ta yi kira wajen bukkar, "Uwani, fito ki gai da baƙi."

Malfa ce ta fara fitowa, babba, ta manya, an ɗaure ta da zare a haɓa. A ƙarƙashinta yarinya cikin riga mai dogon hannu da aka yanka daga tsohon zane. Tana tafiya tana karkata kai, ido a runtse yana rawa. Ta tsaya daf da ni, ta ɗaga hannu ta shafa fuskata don ta san ni. Leɓenta ya tsage, bayan hannunta da tabo-tabo na ƙuna. Na kama hannun. Ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake ciki. Haka na ɗana yake. Haka nawa yake. Ranar da aka haife ta kunne na duba da farce, ban duba yatsa ba.

Yarinyar ta ji motsin akuya ta sake ni. Ta tsuguna ta kai fuskarta har jikin gashin, ta ce, "Wannan ma rana na cizon ta?"

Uwar ta ce, "Tana cizon ta."

"To ta shigo bukkata." Ta ja igiyar daga hannuna, na sakar mata.

Muka rage mu huɗu a tsaye cikin rana. Na sake ba da labarin, na turke da na majemi, har da na kawunmu, wanda ban gaya wa uban surukata ba. Na ce, "Na zo in wanke ki a gaban mutanenku. Ga shaida na kawo."

Ta gyara goyonta. Ta ce, "Inna, shekara biyu ina ɗebo miki ruwa, kin san fitata kin san shigata. Na rantse miki da Allah da jini a jikina, ba ki yarda ba. Akuya ba ta ce komi ba, kin yarda da ita."

Na kai shekara sittin da wani abu, ba a taɓa gaya mini magana irin wannan ba. Ƙanwata ta juya baya tana share ido.

Surukata ce ta ci gaba, ba ni ba. Ta ce ta san Baba zai ce ɗiya tamu ce, ba za ta ja ba. "Sai dai in za ki tafi da ita, ki tafi da malfar. Kada ta fita daga hantsi zuwa la'asar. Man kaɗe safe da yamma, bayan wuya ya fi ƙuna, da saman ƙafa. Ba ta ganin nesa, a yi mata magana kafin a taɓa ta, in ba haka ba tana firgita. In yara sun yi mata waƙa ba ta kuka a gabansu, sai ta shiga ɗaki, a bi ta. Ba ta cin kuɓewa." Muryarta ba ta yi rawa ba sai a kan kuɓewar.

Ni da na yi shekara talatin ina alfahari ba abin da ke wuce idona, kwana biyu kacal na yi da akuya a rana kunnenta ya tashi. Ita ta yi shekara huɗu.

Na ce, "Uwani ai lakabi ne. Mene ne sunanta na yanka?"

Ta sunkuyar da kai. "Bakina ba ya iya faɗinsa, Inna."

Kun san sunan da suruka ba ta faɗi. Tsohuwar da ta rako mu ta ce, ranar suna da ba rago, kaza aka yanka, uwar ce ta roƙi nata uban a sa wannan sunan. Wai ko an hana yarinya rago, kada a hana ta sanin inda ta fito.

Na kwance ƙullina na ba surukata man kaɗen nan curi biyu. Na leƙa bukkar. Takwarata ta cire malfarta ta kifa wa akuya, suna zaune cikin inuwa kai da kai. Na tsuguna na kwance igiyar daga wuyan akuyar, na naɗe ta a hannuna. Na ce wa uwar, "Ki bar ta inda take. Ubanta zai zo ya gan ta, in mijinki ya yarda." Sannan na faɗi abin da na yi tafiyar kwana uku don kada in faɗa. Na ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Allah ya yafe mana duka, Inna." Ta koma ta ɗauki ƙwaryar irinta, don ƙasa ba ta jiran kowa in ta sha ruwa.

Dawowa ba abin faɗi. Hanya ɗaya ce, sai dai ta fi tsawo. A Dirin Daji ba kasuwa, rumfunan wayam. A Rijau na ci miyar matar nan ban ce komi ba. Direban ya tambaye ni ina fasinjar cinya, ƙanwata ta ce ta samu gida.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Launi ba ya tambayar izinin kowa, kuma abin da kake nema a gidan wani ka fara ɗaga tabarmar gidanku. Na san jinin awakina har kaka bakwai, ban san na uwata ba. Kuma gaskiyar da ta makara, gaskiya ce, amma ba ta mai da kowa ɗakinsa.

Mun iso Zuru da la'asar sakaliya. Ɗana yana ƙofar gida yana gyara ƙotar galma. Ya miƙe ya karɓi ƙullina, ya dubi bayana, ya dubi hanya har inda ta karkata. Sannan ya dubi igiyar da ke hannuna. Na gaya masa duka a tsaye, ban rage komi ba, har maganar da ta yi mini. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗaga hannunsa yana kallon ƙaramin yatsansa.

Ya ce, "Mene ne sunanta, Inna?"

Shi ma bakinsa ba zai taɓa iya kiransa ba. Na faɗa masa sunana.